Kafin ka ce kai yaron wane ne

'Yan uwana ɗalibai 'yan arewa, musamman mu da karatu ya kawo kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Duk wanda ya yi ko zango ɗaya a makarantun nan ya san akwai kalmar da ake jifan mu da ita da zarar musu ya yi zafi, a aji ne ko a hostal ko wajen kallon ƙwallo. Sai ka ji an ce ku ai fiyudal ne, sarki ya ce ku durƙusa sai ku durƙusa. Wasunmu su fusata, wasu su yi shiru. Amma da mai jifan da wanda aka jefa, da wuya ka sami wanda zai gaya maka abin da kalmar take nufi. Ni tarihi nake karantawa, ina aji uku, kuma a wannan zangon muna yin kwas a kan Turai ta tsakiyar zamani. Mako uku cur muka yi a kan abu ɗaya, wato dangantakar ubangida da baransa, wanda littattafan suke kira vassal. Shi nake so in baje muku a nan, don ya shafe mu ta fuska biyu: gorin da ake yi mana, da kuma yadda mu kanmu muke miƙa wuya ga manya a yau.

Mu fara da inda abin ya samo asali. Sharlaman, sarkin da ya haɗa yawancin yammacin Turai a hannunsa, ya rasu a 814. A 843 jikokinsa suka raba daular gida uku. Ana cikin haka mahara suka yi ta shigowa, wasu daga arewa a jiragen ruwa, wasu daga gabas a kan dawakai. Sarki yana can nesa, kafin labari ya kai masa an ƙone gari an tafi. Mutum ya duba ya ga wanda zai iya kare shi shi ne mai ƙarfin da ke kusa, mai kagara da barade. Shi kuma mai ƙarfin yana neman mayaƙa a kan doki, ga doki da sulke da takobi da tsada, ga kuɗi ba sa yawo sosai a hannun mutane. Abin da yake da shi a wadace shi ne ƙasa. Sai ciniki ya faɗa: in ba ka ƙasa da manoman da ke kanta ka ci amfaninta, kai kuma ka hau doki ka fito duk ranar da na kira. Wannan ƙasar ita ake kira fief, a Latin feudum, kuma daga nan kalmar da ake yi mana gori da ita ta fito.

Ita kuwa kalmar vassal, asalinta daga harsunan Keltawa ne, kuma ma'anarta ta farko yaro, ko ɗan aike. Ranar da malaminmu ya faɗi haka sai da na yi dariya ni kaɗai a aji, don mu ma haka muke cewa. Za ka ga dattijo mai furfura, da 'ya'ya da jikoki, ana ce masa yaron Alhaji wane. A can Turai kalmar ta yi ta hawa sama har ta kai ana kiran manyan masu sarauta da ita, har da sarakuna. A rubutun nan zan riƙa cewa bara, da barantaka, don su suka fi kusa a Hausa.

Yadda ake ƙulla abin yana da ban sha'awa. Mai son zama bara zai zo gaban ubangida ba hula, ba makami, ya durƙusa, ya haɗa tafukansa ya sa su a tsakanin tafukan ubangidan, ya furta cewa daga yau shi mutuminsa ne. Ubangida ya tashe shi, su sumbaci juna. Daga nan baran ya ɗora hannu a kan Linjila ko a kan akwatin ƙasusuwan waliyyansu ya yi rantsuwar riƙon amana. A ƙarshe ubangida ya miƙa masa wata alama, sanda ko ɗan hoge na ƙasa ko tuta, wadda ke nuna an damƙa masa ƙasar. Wani magatakarda mai suna Galbert, mutumin birnin Bruges a Beljiyam ta yau, ya rubuta yadda aka yi wannan ɗaya bayan ɗaya a watan Afrilu na 1127, lokacin da mutanen Flanders suka yi wa sabon mai mulkinsu caffa bayan an kashe na gabansa a cikin coci. Ku lura da abu ɗaya: durƙuso ne farkon bikin, amma ba a barin mutum a durƙushe. Ana tashe shi ya tsaya, a sumbace shi a gaban jama'a, don kowa ya shaida cewa ɗa ne ya zo da ƙafarsa.

To me bara ya ɗauka? Abu biyu: taimako da shawara. Taimako shi ne fita yaƙi da dokinsa da kayansa, kuma a wurare da yawa al'ada ta tsayar da shi a kwana 40 a shekara. In an wuce haka sai dai ubangida ya biya. Akwai gadin kagara, akwai rakiya. Akwai kuma gudummawar kuɗi, wadda a Ingila aka taƙaita ta a lokuta uku: in an kama ubangida a yaƙi za a fanso shi, in za a naɗa babban ɗansa barde, da kuma auren fari na babbar 'yarsa. Shawara kuwa ita ce halartar fada in an kira, a zauna a yanke hukunci tare da sauran barori. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, babu musu a nan.

Amma ubangida ma ya ɗauki nasa. Dole ya kare baransa da takobi in an kawo masa hari, ya tsaya masa a shari'a, ya bar masa ƙasarsa ya ci. Wajen shekarar 1020 wani babban limamin coci, Fulbert na Chartres, ya rubuta wa mai mulkin Aquitaine wasiƙa yana zayyana haƙƙoƙin nan. Bayan ya gama lissafa abin da ke kan bara, sai ya rufe da cewa duk wannan yana kan ubangida shi ma, kuma in ya gaza, shi ne maci amana. Tun zamanin Sharlaman ma akwai dokar da ta lissafa dalilan da za su halatta wa bara ya bar ubangidansa: in ya nemi kashe shi, ko ya doke shi da sanda, ko ya keta mutuncin matarsa ko 'yarsa, ko ya ƙwace masa gado. Har hanyar warwarewa suna da ita. Mutum zai ɗauki kara ko tsinke ya jefar a gaban shaidu, ma'ana igiyar ta tsinke. Su mutanen Flanders ɗin da na ambata, kafin shekara ta zagayo wasu manyansu sun warware caffar da suka yi, saboda a ganinsu sabon mai mulkin ya karya alkawuran da ya ɗauka.

Ga wani wuri da ake yawan rikita abu, ku riƙe shi ko don jarrabawa. Bara daban, talakan gona daban. Mafi yawan mutanen Turai a lokacin manoma ne, kuma da yawansu a ɗaure suke da ƙasar da aka haife su a kanta. Ba su da ikon tashi su koma wani gari, suna yi wa mai ƙasa noma kwanaki a kowane mako, suna biya kafin su aurar da 'ya, suna niƙa a injin niƙansa dole. Su ba wanda ya sumbace su, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda. Barantaka harka ce ta 'yan tsiraru masu doki da takobi, kuma gumin waɗancan manoman ne yake ciyar da dokin. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya ce Muhammadu yana yabon zamanin. Zamani ne mai tsanani ga mai fartanya.

Da tafiya ta yi tafiya abubuwa biyu suka sauya tsarin. Na farko gado. Da farko ƙasar aro ce, in bara ya mutu ta koma hannun mai ita. A hankali 'ya'ya suka fara gadonta. A 1037 sarkin Jamus Konrad na Biyu, yana tsaka da yi wa birnin Milan ƙawanya, ya kafa doka cewa ƙananan barori a Italiya za su gadar da ƙasarsu, kuma ba mai ƙwace ta sai da hukuncin takwarorinsu. Na biyu shi ne tara iyayen gida. Tunda ƙasa ake nema, mutum ɗaya sai ya yi wa wannan caffa ya karɓi gari, ya yi wa wancan ya karɓi wani. Ranar da iyayen gidan biyu suka ja daga, ina zai dosa? Taura biyu ba ta taunuwa. Sai suka ƙirƙiro wata caffa ta musamman wadda take gaba da sauran, a ce in an yi karo wannan ubangidan za ka bi. Ba a jima ba ita ma mutane suka fara yin ta sau biyu sau uku.

Labarin da ya fi zama mini a rai shi ne na Sarki Jon na Ingila. Shi sarki ne a ƙasarsa, amma yana riƙe da manyan yankuna a Faransa, irin su Nomandi da Aquitaine, kuma a kan waɗannan shi baran sarkin Faransa ne, Filib na Biyu. A 1200 Jon ya auri wata yarinya, Isabella ta Angoulême, wadda an riga an yi mata baiko da ɗaya daga cikin barorinsa, mutumin gidan Lusignan. Maimakon ya ba su haƙuri ya biya su, sai ya ƙara da wulaƙanci. Su kuma suka tsallake shi suka kai ƙara wurin ubangidansa. Filib ya aika masa sammaci ya zo Faris a yi shari'a, Jon ya ƙi zuwa. A 1202 fadar Faransa ta yanke cewa bara ne da ya yi taurin kai, ƙasashensa sun faɗi. Zuwa 1204 Nomandi ta fita daga hannunsa.

Don ya ƙwato abin da ya rasa sai ya juyo kan barorinsa na Ingila. Akwai kuɗin da bara yake biya a madadin fita yaƙi, Jon ya karɓe shi sau 11 a mulkinsa. In bara ya mutu sai ya tsawwala wa magaji kuɗin karɓar gado. Matan da mazansu suka mutu sai sun biya kafin a ƙyale su kada a aurar da su dole. A 1213, da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya miƙa Ingila ɗungurungum ga Fafaroma ya karɓe ta a matsayin bara, da alkawarin biyan mak 1,000 duk shekara. A 1214 aka ci rundunar abokan ƙawancensa a Bouvines. A watan Mayu na 1215 manyan barorinsa suka warware caffarsu a hukumance, suka shiga Landan. A watan Yuni suka zaunar da shi a filin Runnymede ya amince da takardar da duniya ta sani da Magna Carta. A ciki aka tsayar da kuɗin gadon babban bara a fam 100, aka hana tilasta wa gwauruwa aure, aka ce ba za a kama ɗa ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da hukuncin takwarorinsa ko dokar ƙasa. Fafaroma, wato sabon ubangidan Jon, ya soke takardar bayan wata biyu, amma an sake fitar da ita bayan mutuwar Jon, ta kuma zauna. 'Yan uwanmu masu karatun lauya suna haddace Magna Carta a matsayin tushen 'yancin ɗan ƙasa. Asalinta kuwa barori ne suka ce wa ubangida: kai ma akwai abin da ke kanka.

Yanzu mu dawo kan gorin. Abu na farko da za ka gaya wa mai gorin shi ne su kansu masanan Turai ba su gama yarda da kalmar ba. Mutanen wancan zamanin ba su san wani tsari mai wannan suna ba, lauyoyi da marubutan baya ne suka raɗa shi. Marc Bloch, Bafaranshen da 'yan Nazi suka harbe a 1944, ya rubuta babban littafi a kan al'ummar fiyudal. Amma a 1974 Elizabeth Brown ta ce kalmar ta zama ƙangi ga masu nazari, a 1994 kuma Susan Reynolds ta nuna cewa wannan hoton dala da ake zana mana a allo, sarki a sama barori a jere a ƙasa, ya fi abin da ya faru tsafta nesa ba kusa ba. Rigar da ba ta gama zama daidai a jikin mai ita ba, yaya za a yi ta zauna a jikin Kano ko Zazzau?

Abu na biyu, mu ma mu faɗi gaskiya, akwai kamanni. Muna da caffa, muna da barantaka, kuma M. G. Smith ya yi dogon bayani a kansu a littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau. Kafin zuwan Turawa hakimai da yawa a birni suke zaune, garuruwan da suke ci a warwatse, jakadu ne suke kai da kawowa suna tara haraji. Shehu Usmanu ya ba da tutoci, sarakuna suna aika gaisuwa Sakkwato. Amma akwai bambanci mai girma. Mubaya'ar da ake yi wa Sarkin Musulmi tushenta addini ne, an gina ta a kan Littafi da Sunna, ba a kan musayar ƙasa da doki ba. Hakimi ma'aikacin sarki ne, ana naɗa shi ana tuɓe shi, ko da yake wasu sarautun sun zauna a gidaje sanannu. Akwai alƙalai masu hukunci da littattafan fiƙihu. A Kano har bayin sarki suna riƙe manyan muƙamai irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Ga kasuwanci da birane da fatake, waɗanda suka girmi jihadin kansa. Wannan tsari ne mai sunansa da tarihinsa.

Shin an zalunci talaka a cikinsa? Ƙwarai kuwa, kuma ba mu jira kowa ya zo ya gaya mana ba. Shehu da kansa ya yi wa'azi a kan zaluncin sarakunan zamaninsa. A 1950 matasa suka kafa NEPU a Kano, su Malam Aminu suka sha ɗauri da tsangwama a kan 'yancin talaka. In abokinka na kudu ya ce maka fiyudal, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka tambaye shi wanne yake nufi, na Bloch ko na Reynolds, sannan ka ba shi labarin Sawaba.

Sai dai abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu ya fi gorin ciwo. Ku dubi yadda muke yi a ƙungiyoyinmu na ɗalibai. Kowane ɗan takarar shugabancin ƙungiyar jiha yana da wani honarabul a bayansa. Kowa yaron wani ne. Akwai wani ɗan uwanmu a nan, ba zan kama suna ba, wanda ya shafe kusan shekara biyu yana kare wani ɗan siyasar garinsu a Facebook. Ya ɓata da abokai, ya zagi sa'o'in mahaifinsa, ya bar lakca ya hau motar dare zuwa gida don taron siyasa, duk a kan kuɗin data da ɗan abin sallah. Da aka ƙara kuɗin makaranta ya rasa cikon rajista, ya kira waya har ya gaji, ya tura saƙo ana gani ba a amsawa. Mu ne muka yi karo-karo a masallaci bayan sallar Juma'a, da taimakon iyayenmu 'yan kasuwa na Sabo, aka rufa masa asiri. Bayan mako biyu na ga ya sake ɗora hoton mutumin yana kiransa jagora.

Wallahi baran ƙarni na 11 ba zai yarda da wannan cinikin ba. Shi ya san kwana nawa ne a kansa, ya san abin da aka ba shi, an ba shi a gaban shaidu, ya san ranar da ya halatta ya jefar da kara. Namu yaran ba iyaka ga hidimarsu, ba alkawari a bayyane, ba shaida, ba ranar warwarewa. In ka auna da ma'aunin wancan zamanin, wannan ya fi kama da matsayin talakan gona, sai dai shi talakan gona haifarsa aka yi a ciki, namu kuwa da katin shaidar jami'a a aljihu yake kai kansa.

Ban ce kada ka yi ubangida ba. A ƙasar nan wanda ba shi da kowa yana shan wuya, kuma yawancinmu da taimakon wani muka kawo nan, kawu ne ko malami ko maƙwabci. Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ba na jin kunyarta a gaban kowa. Wanda ya yi maka alheri ka riƙe shi har abada. Amma kafin ka sa hannunka a cikin na wani, ka yi wa kanka tambayoyin da ko jahilin barde yakan yi. Me ya ɗauka zai yi mini, kuma wa ya ji lokacin da ya ɗauka? Ina iyakar abin da zan yi masa? Zai iya sa ni ƙarya, ko cin mutuncin wani, ko barin karatuna? Yana neman shawarata ko tafi kawai yake so? In ya juya mini baya, ina da ƙafar da zan tsaya a kanta? Mu Musulmi ma an riga an yanka mana iyakar: babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Kiristocinmu na arewa da muke tare a nan su ma na san suna da irin wannan iyakar a addininsu.

Kuma mu tuna abin da ya kawo mu. Iyayenmu ba su sayar da hatsi da awaki suka sa mu a mota kwana guda ba don mu zo mu zama sojojin baka. Digirin nan shi ne gonar da ba ubangidan da zai ƙwace maka ranar da ransa ya ɓaci. Zaɓen ƙungiya yana tafe bayan jarrabawa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arka, ka tambaye shi yaron wane ne, kuma me ya yi alkawarin kai wa wancan ɗin daga cikin abin da yake namu.

'Yan ajinmu masu rubuta wannan kwas ɗin, in an ce ku bambance bara da talakan gona kada ku manta da durƙuso da tashi da sumba, nan makin yake. 'Yan sashen shari'a da na kimiyyar siyasa, ina jiran gyaranku da ƙarin bayaninku a ƙasa, musamman a kan maganar hakimai, don na san Zazzagawa ba za su bar ni in wuce haka nan ba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya haɗa mu da iyayen gida na gari, ya mai da mu gida lafiya.